Abin da Bafaranshe Ya Rubuta a Kan Madugu Isufu

Da sunan Allah Mai rahama nake farawa, Shi da Ya kai ni lafiya Ya maido ni lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

Tun da na dawo daga Damagaram ban samu sakat ba. A ƙofar masallaci, a ɗakin malamai, har a wurin ɗaurin aure, tambayar ɗaya ce: "Malam Nasiru, yaya Nijar? Ka iya Faransancin? Faɗi wani abu mu ji." Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da ainihin abin da ya kai ni, wanda ban taɓa gaya muku ba.

Kun san ni malamin Larabci ne a sakandare, da allo na fara, kuma har gobe Ajami ne rubutun da hannuna ya fi sabawa da shi. Bayan furfura ta fara tsiro mini na koma jami'a karatun tarihi, ina bincike a kan wasiƙun fataken da. Kun kuma san asalinmu unguwar Zango ce ta Damagaram. Kakan mahaifina, Madugu Isufu, shi ya zo Kano da 'ya'yansa biyu ƙanana, Habu da Sule, ya bar su gidan fatomansa, wato mai masaukinsa, ya koma. Habu ne kakana. Abin da muka tashi muka ji a gida shi ne, an bar su ne su koyi ɗinkin riga.

Wata rana malamin da ke duba aikina ya miƙo mini hoton wani shafi, rubutun hannu mai ƙananan ƙafafu. Ya ce, "Ga sunan kakanku a littafin wani Bafaranshe da ya yi aiki a Damagaram a farkon zuwan Faransawa. Amma ka sani, Malam, ba za ka gama wannan karatu ba sai ka iya karanta Faransanci. Ba magana na ce ba, karatu."

Don murna, kafin ma in san abin da ke ciki na je na gaya wa Baba an sami takarda a kan kakansa. Sannan na ari ƙamus na zauna, kalma bayan kalma, kwana biyu. Layin da ke gaban sunan Madugu ga abin da ya fito mini: ya sayar da 'ya'yansa a Kano, dawaki ashirin, jajaye sun fi baƙaƙe tsada.

Na kwafe kalmomin yadda na gan su na sa a waya, ita ma haka ta fassara. Kuma kowa a gidanmu ya san Sule ja ne, Habu baƙi.

Baba ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni. Duk Juma'a in na je gaishe shi sai ya ce, "Nasiru, me Nasaran nan ya ce a kan kakana?" Ni kuma in ce, "Baba, ban iya karantawa ba tukuna." Maganar ba ƙarya ba ce ɗungurungum, amma kuma ba gaskiya ba ce, ni na sani. Ina fitowa daga zaurensa ina istigfari. Da dogon hutu ya zo na ce gara in je inda harshen yake in koye shi sosai. In zan gaya wa tsoho an sayar da ubansa, to in gaya masa da sani, ba da ƙamus na aro ba.

Ranar Litinin muka tashi daga Kano, tsakiyar damina. Kusa da ni a mota wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, Hajiya Zuwaira, mutuniyar Damagaram, wadda ta san kowane rami na hanyar nan da sunansa. Muka wuce Kazaure, muka wuce Daura, muka isa kan iyaka wajen hantsi. Ɓangarenmu ba a daɗe ba. Da muka ƙetara sai wani jami'i ya leƙo ta taga ya ce mini, "Malam, piyes."

Na ce, "Na'am?"

"Piyes!"

Na dubi Hajiya. Ta ce, "Katin shaida yake nufi. Kai da za ka koyon Faransanci, ga darasi na fari kyauta."

Ya karɓa ya duba, ya ɗago kai. "Bakano ne? Kai, ku sauko da jakarsa. Waɗannan in sun zo ba sa komawa hannu wofi." Na ce masa ai abin da kakanninsu suka kwaso daga ƙasar Kano na zo dubawa ko da saura. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya maido mini katina, bai ma taɓa jakar ba. Wasan Kanawa da Damagarawa ke nan, tun daga bakin ƙofa.

Bayan Matamaye, wajen ƙasar Garagumsa, tayar baya ta fashe. Direba ya ce tayar da ya ajiye ma ba iska. Muka fito muka zauna gindin wani gawo, gero ya kewaye mu ko'ina, ya fi mutum tsawo. Wani dattijo manomi ya fito daga gona da gorar fura, ya ce baƙi ba sa zama gefen gonarsa da busasshen baki. Furarsu ba irin tamu ba ce mai kauri, tsararo ce, tana da yaji, tana sauka har ƙafa. Da ya ji abin da zai kai ni birni sai ya gyaɗa kai ya ce, "To Malam, in ka isa, ka nemi mushe mai kyau. Tsohon mushe ya fi, shi ne ya nuna."

Na ajiye gorar a hankali. Na ce, "Baba, mushe kuma? A'uzu billahi. Mu Musulmi ne fa."

Hajiya Zuwaira ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ƙyar ta iya gaya mini cewa a can malamin makarantar boko shi ake kira mushe, daga bakin Faransawa suka ɗauko, makarantar kuma lakwal. Dattijon bai ga abin dariya ba. Ya ce ɗansa ma mushe ne a Takeita, kuma yana alfahari da shi. Muka yi azahar tare da shi a kan yashi, ya ja mu salla, kafin direba ya dawo da taya a bayan babur.

Da la'asar sakaliya muka shiga Damagaram. Ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓarsu, ya ɗauke ni zuwa Zango, ya yi ta kurɗawa lungu-lungu har ƙofar gidan Alhaji Lawali. Alhaji Lawali baduku ne, jikan ɗan Madugu Isufu na fari wanda ya zauna a gida. Ni da shi kakanninmu wa da ƙane ne, amma sau biyu kaɗai muka taɓa haɗuwa. Yana zaune a zaure cikin fatu da abokan hirarsa, da ya hango ni ya tashi ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ga bawanmu ya dawo gida! Wa ya 'yanta ka, Bakano? Nawa aka biya?"

Zaure ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, don wasa ne, kuma da a ce bara ne da na rama masa da wadda ta fi ta. Amma takardar tana aljihun gaban rigata a ninke, na ji kamar an ɗora mini dutse a wurin. Tun daga ranar na ƙudurta ba wanda zai gan ta a gidan nan. In abin kunya ne, ai nasu ne su ma.

Sun riƙe ni riƙon da ban san yadda zan gode ba. Uwargidansa, Hajiya Mariyama, kullum da abin da za ta aiko: dambu da zogale, tuwon gero miyar kuka da man shanu, alkaki wanda ban taɓa cin irinsa ba. Burodinsu ne dai muka daɗe ba mu shirya ba. Dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri, ranar farko har ya yanke mini dasashi. Alhaji ya ce haƙoran Kanawa ne da suka saba da taushi. Shayi kuwa ba a shansa a tsaye a wuce irin namu. A ƙaramar buta ake dafa shi a kan gawayi, zagaye uku, in ka sha na fari ka tashi ka yi rashin ladabi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke tattalin ruwa. Butar da nake alwala ɗaya da ita a gida, Alhaji yana yin uku da ita, kuma ba gaɓar da ya bari.

Shi ya kai ni wajen maƙwabcinsa, Kyari, Babarbare dogo siriri, wanda ya yi ritaya daga koyarwa. Na gaishe shi na ce, "Malam Kyari."

Ya ce, "Malam yana masallaci. Ni ƙuruciyata duk a cin alli ta ƙare. Mushe nake."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bakina ba zai iya kiran wanda zai ba ni ilimi da wannan suna ba."

Ya ce, "To darasi na ɗaya ke nan. Kalma ba ta da ma'ana sai a garinsu." Ya ce in zo gobe, ya faɗi lokacin da Faransanci. Ni da na haddace ƙirga daga ɗaya zuwa goma a ƙamus, na ji kamar shida. Ina idar da asuba na ɗauki jakata na je na yi sallama. Ya fito da zane ɗaure a ƙugu, asuwaki a baki, ya dube ni sama da ƙasa.

"Lafiya? Wani ya mutu?"

Ashe sha shida ya ce. Su agogonsu ba ya tsayawa a sha biyu, wucewa yake har ashirin da huɗu, sha shida kuwa ita ce ƙarfe huɗu na yamma. Ya ce tun da na zo ba zan koma ba. Muka karya tare, muka fara, kuma daga ranar darasinmu ya zama na safe.

Ya ba ni littafin 'yan aji biyu na firamare da kaye, wato littafin rubutu. Ni kuwa duk kalmar da ya faɗa sai in rubuta yadda take fita a bakinsa da Ajami a gefe. Ya leƙo ya ce, "Me kake yi? Faransanci yana tafiya gabas, kai kana tafiya yamma?" Na ce a tsakiyar shafi za mu haɗu.

Abin da ya fi wahalar da ni shi ne haruffan da ake rubutawa ba a faɗa. Kalma mai harafi shida, a faɗi uku a haɗiye uku. Na ce, "Wannan ai almubazzaranci ne da tawada." Ana nan wata safiya sai na tuna alifin da ke bayan wawu a Mushafi, wanda ake rubutawa ba a karantawa, a ɗora masa ɗan zobe a kai. Na fara bin kalmomin Faransanci ina ɗora wa duk harafin da ba a faɗa ɗan zobe. Ƙananan alamomin da suke sawa bisa haruffa kuma na ce wasulla ne. Daga nan hanya ta fara buɗewa. Kyari ya ɗauki kayen nawa ya daɗe yana kallo, ya ce da ya san wannan dabara da 'ya'yan malamai da yawa ba su gudu daga ajinsa ba. Har ya ce in koya masa rubuta sunansa. Harafin kafi na farkon sunan ya fito kamar ƙafar kaza, na ce ya sake, ya ce ashe ni ma mugun mushe ne.

Mako biyar muna haka. Na bar littafin yara na koma jarida, daga jarida zuwa shafukan tarihi. Duk bayan 'yan kwanaki in ina ɗaki ni kaɗai sai in ciro takardar in duba, ko za ta sauya. Ba ta sauya ba. Sai ma ƙara fitowa take fili.

Ranar wata Alhamis Kyari ya ce yau a kasuwa za mu yi karatu. Muna tafe yana nuna abu ina faɗin sunansa: gishiri, albasa, takalmi, tukunya. Muka tsaya rumfar wani mai kayan teloli. Kyari ya zaro sili ɗaya na zare ya ce, "Wannan fa?"

Ban sani ba. Ya ce, "Fil." Ya nuna tarin da ke rataye, ja da baƙi da kore, ya ce, "Waɗannan duka ma fil za ka ce, sai dai a rubuce ana ƙara harafi." Ya karɓi kayena ya rubuta manya-manya: fils.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka yi kuskure. Wannan ai 'ya'ya maza ne."

Ya ce, "Shi ma haka ake rubuta shi. Kawo zoben naka. In ka ɗora shi a kan l, ka ce fis, ɗa ne. In ka ɗora a kan s, ka ce fil, zare ne. Rubutu ɗaya."

"To yaya mutum zai gane?"

"Yaya kake gane Ajamin da ba a yi wa wasali ba? Sai ka dubi maƙwabtansa."

Na zauna a kan bencin mai rumfa. Na ciro takardar na miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta, ya fara murmushi, ya ce, "A'a, Madugun gidan su Lawali ne! Ya sayar da zarensa a Kano..." Ya ɗago ya ga fuskata, murmushin ya tsaya.

Na ce, "Dawakin fa? Wa ke ba da dawaki ashirin a kan zare?"

"Waɗanne dawaki?"

Na nuna masa da yatsa. Ya matso da takardar kusa da idona. "Duba da kyau. Kai ka karanta chevaux, dawaki. Wannan ɗan abin da ke gabanta da ka zaci ɗigon tawada ne, harafi ne, ga wasalinsa a bisa. Ga wani kuma a ciki. Écheveaux. Ɗaurin zare ke nan, irin wancan da ke rataye bayan kanka. Ɗauri ashirin, ja ya fi baƙi tsada. Alharini ne, na Tarabulus." Ya dube ni. "Me ka zaci an ce?"

Na gaya masa, duka, har da Baba da Juma'o'insa.

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. Ya ce, "Mako biyar kana zaune gabana da wannan a aljihu, kana karanta mini labarin akuya da kare? Haba, Malam Nasiru."

Mai rumfar, wanda duk yana jin mu, ya ce, "Mushe, lafiya baƙon naka yake kuka?"

Kyari ya ce, "Bakano ne. Ya ji farashin zare."

A hanyar komawa ya riƙe hannuna ya ce, "Amma ka ji, tun da tarihi kake karantawa. An sayar da mutane a ƙasar nan, an sayar a taku, za ka ci karo da shafukan da ba zoben da zai gyara su. Ranar da ka same su ka faɗa yadda suke. Wannan layin dai zare ne, kada ka ƙara masa kada ka rage." Na ce na ji, kuma na riƙe.

Da na ba Alhaji Lawali labari ya yi salati. Ya ce, "Kuma ina ta ce maka bawa." Na ce wasa ne ai. Ya ce, "Wasa ne, kuma ba zan bari ba. Sai dai yanzu na san ba a biya ko sisi ba, kyauta muka ba da ku." Na ƙara mako biyu na gama littafin da muka fara. Ranar tafiya Hajiya Mariyama ta cika mini jaka da kilishi da alkaki, Alhaji ya ba ni takalmin fata na Baba, Kyari kuma ya raka ni har tasha, ya ce in riƙa karanta shafi ɗaya kullum ko da ba na so, kamar shan magani.

Komawa ba abin da ya faru sai barci. Ranar Juma'a bayan masallaci na shiga zauren Baba. Na gaishe shi, na sa masa takalmin a ƙafa, ya shafa ɗinkin ya ce hannun Zango ne. Sannan ya ce, "To, Nasiru?"

Na ce, "Baba, na iya."

Na karanta masa: Madugu Isufu na Zango ya sayar da zarensa a Kano, ɗauri ashirin, ja ya fi baƙi tsada.

Ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"A kan wannan ka yi wata bakwai kana ce mini ba ka iya ba, muryarka tana rawa? Ni idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Me ka gani da fari?"

Ba yadda zan yi, na faɗa masa. Ya sunkuyar da kai, har na fara jin tsoro. Sai na ga kafaɗunsa suna girgiza. Dariya ce, ta ci ƙarfinsa har ta koma tari, na tashi na ba shi ruwa.

Ya ce, "Dawaki ashirin! Allah ya jiƙan babana. Mutum guntu, ga tsiwa, ga ci. Wallahi ko jaki ba wanda zai bayar a kansa. Kuma wai shi ne baƙin, shi aka rage wa kuɗi!" Ya share hawaye da hannun riga. "Da ka tambaye ni, ɗan nan. Har ya rasu yana ba mu labarin yadda ubansa ya yi ta waiwaye a ƙofar gari, har ayari ya bar shi a baya, sai da aka dawo aka ja akalar raƙuminsa. Wanda ya sayar ba ya waiwaye."

Na sunkuyar da kai na ce ya yafe mini. Ya ce ba abin yafewa, tausayinsa na ji, amma kada in sake ɗaukar masa kaya ba tare da na tambaye shi ko zai iya ba.

Sannan ya gyara zama ya jingina da bango, ya ce, "Sake karanta mini. Amma da bakin Nasaran, yadda ya rubuta. Ina so in ji sunan kakana a ciki."

Na karanta a hankali, na haɗiye abin da ake haɗiyewa, na faɗi abin da ake faɗa. Da na zo kan sunan ya ɗaga hannu na tsaya. Ya buɗe tafukansa, ni ma na buɗe nawa, muka yi wa Madugu Isufu da 'ya'yansa Fatiha.

Iyakar labarin ke nan. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanar da mutum abin da bai sani ba.